Yadda za ka gane dutsen dolomait, ka karanci yadda ya samu, sannan ka san ko zai riƙe mai

Duk wanda ya fara karatun jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, ko ya shiga harkar haƙar mai ba zai daɗe ba zai ci karo da dolomait, kuma abin da yawanci ake haddacewa shi ne wai dolomait ya fi dutsen farar ƙasa ramuka, wato 'yan gurabun cikin dutse da mai ke zama a ciki, shi kenan sai a wuce. Wannan magana rabinta ne gaskiya, sauran rabin kuma zai iya sa kamfani ya zuba kuɗi ya haƙa rijiya a inda babu komai. Akwai dolomait ɗin da mai ke gudu a cikinsa ba tsayawa, akwai kuma wanda ko ɗigon ruwa ba zai ratsa shi ba, alhali sinadarinsu ɗaya ne. Abin da ya raba su tarihi ne, wane ruwa ne ya bi ta cikin dutsen, yaushe ya bi, da zafi ko da sanyi, kuma ta wace hanya. Don haka idan aka miƙo maka dutse aikinka biyu ne, ka tabbatar dolomait ne tukunna, sannan ka bi sawun ruwan da ya yi shi.

Mu fara da abin da ke ciki. Dutsen farar ƙasa, laimiston kenan, ma'adininsa kalsait ne, CaCO3. Shi kuma dolomait CaMg(CO3)2 ne, wato magniziyam ya shigo ya karɓi rabin wurin kalsiyam, kuma ba zaman hargitsi suke ba, layi-layi ne, layin kalsiyam, layin kabonet, layin magniziyam, layin kabonet, haka har ƙarshe. Ka riƙe wannan jerin a ranka don shi ne tushen duk wahalar da za mu zo kanta.

Toh ga dutse a hannunka. Abu na farko ka fasa shi ka samu sabuwar fuska, kar ka yi gwaji a bayan da rana da ruwan sama suka ci. Sai ka ɗiga asid ɗin haidirokolorik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, kuma don Allah ka sa gilashin kare ido, idan kai za ka haɗa da kanka asid ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba. Idan laimiston ne nan take zai ɗauki kumfa har kana jin ƙararsa. Idan dolomait ne shiru za ka ji, ko ka ga 'yan kumfa ƙanana suna fitowa a hankali sai ka sa gilashin hannu kafin ka gan su. Yanzu sai ka ɗauki wuƙa ka kankare wurin ya zama gari ka sake ɗigawa, garin dolomait zai yi kumfa. Wannan gwajin shi ne dai wanda Bafaranshen nan Déodat de Dolomieu ya yi a 1791 a duwatsun da ke arewacin Italiya ta yau, ya ga dutse kamar laimiston amma ya ƙi amsa asid yadda ya kamata, daga sunansa aka raɗa wa dutsen suna. Kankarewar nan ma tana da wani amfani, taurin dolomait 3.5 zuwa 4 ne a ma'aunin Mohs, kalsait 3, duka biyun wuƙa tana cinsu, amma idan wuƙar ta zame ba ta bar alama ba toh ƙila dutsen silika ne ka riƙe ba dolomait ba. Sannan laimiston mai laka da yawa shi ma yakan yi sanyin amsa asid, ɓarɓashin haƙa da mai ya lulluɓe shi ma haka, shi ya sa a bakin rijiya ake wanke ɓarɓashin sosai kafin a gwada.

Launi ba abin dogaro ba ne amma yana taimakawa, dolomait idan ya sha iska yakan koma ruwan ƙasa-ƙasa ko ja-ja saboda ɗan ƙarfen da ke cikinsa, laimiston kuma yakan tsaya a toka-toka. Abin da ya fi launi shi ne ka juya dutsen a rana, idan ka ga yana walƙiya da ƙananan ƙwayoyi kamar dunƙulen sukari toh ka tsaya ka duba da kyau, wannan irin shi ne masu neman mai ke so.

A ɗakin gwaji abin ya fi sauƙi. Ana yanka dutsen siriri a manna a gilashi, a zuba rinin Alizarin Red S, kalsait zai rine ya yi ja, dolomait zai tsaya ba launi. Idan an haɗa da potasiyam ferisayanaid, dolomait mai ƙarfe zai koma shuɗi-kore, kuma wannan labari ne babba don dolomait mai ƙarfe yawanci a ƙarƙashin ƙasa inda babu oksijin ya samu. Idan akwai injin XRD, wanda ke haska garin dutse da hasken X-ray ya nuna ma'adinan da ke ciki, shi ke yanke hukunci, a zanen da yake fitarwa babban tsinin kalsait yana wajen kusurwar digiri 29.4 na dolomait wajen 30.9 idan da fitilar tagulla ake aiki. Kuma ka roƙi a cusa wa dutsen roba mai launin shuɗi kafin a yanka, don duk inda ka ga shuɗi a maikiroskop rami ne, ba sai ka yi ta hasashe ba.

Yanzu mu zo kan yadda yake samuwa, nan ne abin ke da daɗi gaskiya. Ruwan teku na yau yana ɗauke da magniziyam kusan ninki 5 na kalsiyam, a lissafin kemistiri ya kamata ace dolomait yana ta zuba a gindin teku, amma ba ya yi. A tsofaffin duwatsu kuwa ga shi nan tsaunuka guda. Wannan shi ne abin da masana suka daɗe suna kira matsalar dolomait. Dalili biyu ne manya, ɗaya magniziyam yana riƙe ƙwayoyin ruwa kam a jikinsa, kafin ya shiga cikin kiristal sai ya sake su kuma a sanyi ba ya son sakewa, na biyu jerin nan na layi-layi, idan kalsiyam ya zauna a wurin magniziyam ko akasin haka sai ginin ya tsaya cak. Lynton Land na jami'ar Teksas ya ajiye ruwan da ya cika maƙil da sinadaran a zafin digiri 25 na ma'aunin Salsiyos har shekara 32, a 1998 ya fito ya ce bai samu dolomait ba. Sai a 2023 masu bincike daga jami'ar Mishigan da jami'ar Hokkaido ta Japan suka nuna cewa idan ana ɗan narkar da fuskar kiristal ɗin lokaci-lokaci, wuraren da aka yi kuskuren jeri su ke fara wankewa, sai ginin ya ci gaba daidai. Kuma wannan ya dace da abin da ake gani a fili, don wuraren da dolomait ke samuwa yau wurare ne da ruwa ke zuwa ya tafi, gishiri ya hau ya sauka, irin bakin tekun Abu Dabi da tafkunan Coorong a kudancin Ostireliya. Akwai kuma hannun ƙwayoyin halitta, a tafkin Lagoa Vermelha kusa da Rio de Janeiro a Birazil an nuna a shekarun 1990 cewa bakteriya masu cin salfet suna taimaka wa dolomait ya fito ko a sanyi.

Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, mafi yawan dolomait ɗin da za ka gani ba haka aka haife shi ba, laimiston ne da, ruwa mai magniziyam ya bi ta cikinsa ya musanya shi. Kuma ba ruwa kaɗan ba, idan ruwan teku ne sai ninki ɗaruruwa na girman dutsen ya wuce ta ciki kafin aikin ya kammala. Kenan dole akwai inda magniziyam ya fito, dole kuma akwai abin da ya riƙa tura ruwan shekaru dubbai ko miliyoyi. Duk lokacin da ka ga dolomait waɗannan tambayoyi biyun za ka yi, kuma amsar tana rubuce a jikin dutsen.

Idan ka ga ƙwayoyin ƙanana ne sosai, ƙasa da maikiron 20 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), dutsen mai siraran layuka ne, ga tsagewar laka irin ta bushewa, ga dunƙulen anhaidirait, wato ma'adinin salfet na kalsiyam, fari-fari a ciki, toh wannan na sabka ne, wato filin gishiri na bakin teku a ƙasa mai zafi. Rana ta ƙone ruwan, jipsam, ɗan'uwan anhaidirait mai ruwa a jikinsa, ya zuba ya ɗebe kalsiyam, magniziyam ya yi rinjaye sai ya kama lakar da ke wurin. Irin wannan yakan zo siriri-siriri amma ya miƙe nesa yana bin tsohon bakin teku.

Idan kuma dolomait ɗin mai kauri ne, yana kwance ƙarƙashin gishiri ko anhaidirait, ya cinye komai har burbushin halittu, ka yi tunanin ruwan gishiri mai nauyi da ya taru a tafki bayan tudun murjani, da ya yi nauyi sai ya riƙa nutsewa yana tsiyaya ta cikin laimiston yana komawa teku ta ƙasa. Adams da Rhodes ne suka bayyana wannan a 1960 daga duwatsun kwarin Famiyan na yammacin Teksas, inda dolomait ɗin San Andres ya ba da mai ba kaɗan ba a filaye irin su Wasson da Slaughter. Ga abin lura a nan wanda ke da kuɗi a cikinsa, kusa da tafkin gishirin ruwan ya fi ƙarfi, sai ya yi ta gina dolomait har ya cike ramukan, ga anhaidirait ya toshe sauran, amma idan ka matsa nesa ta wajen teku inda ruwan ya rage ƙarfi nan ne ramukan suka tsira. Kaga kenan idan rijiyarka ta farko ta faɗa a dolomait toshasshe mai anhaidirait ba wai an gama da filin ba ne, ka duba taswira ka ga ta ina tekun yake a wancan zamanin.

A tsofaffin littattafai za ka ga wani bayani na haɗuwar ruwan daɗi da ruwan teku wanda ya yi tashe bayan 1973, kusan kowane dolomait da ba a ga gishiri kusa da shi ba sai a jingina masa. Yanzu an rage yarda da shi sosai don da aka je wuraren da ruwan biyu ke haɗuwa a yau ba a ga dolomait mai yawa ba, narkewar dutse aka fi gani. Ka san shi saboda jarrabawa amma kar ka gina taswirar rijiya a kansa.

Sai na cikin ƙasa mai zurfi. Da zarar zafi ya haura digiri 50 zuwa 60 taurin kan magniziyam yana raguwa, dolomait ya samu sauƙin fitowa, matsalar sai ta koma ina za a samo magniziyam ɗin da abin da zai tura shi. Alamarsa ƙwayoyi manya, gefensu ba a miƙe ba, sun cuɗe da juna, sau da yawa da ƙarfe a ciki. Irin wannan yana bin duk inda dutse ya riga ya zama mai sauƙin ratsawa. A Albata ta Kanada, tuddan murjani na zamanin Deboniyan da ruwan ya samu hanyar shiga sun koma dolomait, wasu da bai kai gare su ba suna nan a laimiston, kuma a irin wannan dolomait ɗin ne rijiyar Leduc No. 1 ta fashe da mai a Fabrairun 1947 ta canza tarihin yankin gaba ɗaya.

Wanda na fi so a kula da shi shi ne na ruwan zafi da ke hawowa ta tsagewar ƙasa. Za ka gane shi da fararen kiristal manya masu lanƙwasasshiyar fuska, a maikiroskop idan kana juya faifan duhun yana share kiristal ɗin a hankali maimakon ya ɗauke lokaci guda, wani lokaci dutsen ya yi zane fari da baƙi, wani lokaci ga ɓaraguzai da dolomait ya liƙe, har da ɗan galena ko sifalarait, wato ma'adinan dalma da na zinc. Wannan ba ya kwanciya shimfiɗe, tsaye yake yana bin tsagewar. Filin Albion-Scipio a Mishigan da aka gano a 1957 tsawonsa wajen kilomita 50 ne amma faɗinsa bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, ya ba da sama da ganga miliyan 100, kuma ka kauce kaɗan gefe sai ka faɗa laimiston ɗin Trenton wanda babu rami ko ɗaya. Wani abin ma, a hoton saismik, wato hoton ƙarƙashin ƙasa da ake ɗauka da amon sauti, irin wannan wuri lotsawa yake yi ƙasa, alhali an koya mana mai a tudu ake nemansa. Wanda bai karanci dutsen ba zai tsallake lotsawar ya je ya haƙa tudu.

Idan ido bai raba gardama ba akwai gwaje-gwajen da za ka nema. Ɗigon ruwan da ya maƙale cikin kiristal ana dumama shi a gano zafin da aka yi ginin da yawan gishirin ruwan, idan zafin ya fi wanda dutsen da ke kewaye ya taɓa kaiwa toh ruwan daga ƙasa ya hawo. Akwai kuma aisotof, wato nau'o'in sinadari ɗaya masu bambancin nauyi, mai nauyin na oksijin yana yin ƙasa idan zafi ya yi yawa, na sitirontiyam kuma yana nuna ko ruwan teku ne na zamanin ko kuwa ya bi ta cikin tsofaffin duwatsun gindi. Kar ka dogara da guda ɗaya, kuma ka sani dutse ɗaya zai iya ɗauke da dolomait hawa biyu ko uku, na farko ya buɗe ramuka na ƙarshe ya zo ya toshe.

Yanzu a rijiya, inda sau da yawa babu dutsen a hannu sai log, wato awon da na'urar da aka zura cikin rijiya take rubutawa. Lambobi uku za ka haddace. Nauyin ƙwayar dolomait giram 2.87 ne a kowane santimita kubik, kalsait 2.71, yashin kwaz 2.65. A log ɗin PE, wanda ke auna yadda dutse ke shanye hasken gama, dolomait yana wajen 3.1, kalsait 5.1, kwaz 1.8. A log ɗin sauti kuma dolomait maikirosakan 43.5 a kowace ƙafa, laimiston 47.5. Idan an zana log ɗin niyutiron, mai auna haidirojin ɗin da ke cikin dutse, da na nauyi a ma'aunin laimiston, a laimiston mai ruwa layukan biyu suna hawa kan juna, a dolomait kuma sai su rabu niyutiron ya nuna ramuka fiye da na nauyi. Laka ma haka take raba su, shi ya sa za ka leƙa log ɗin gama-re, mai auna hasken gama da dutse ke fitarwa wanda laka ke ɗagawa, idan yana ƙasa dolomait ne, sai dai wani dolomait ɗin yana da yuraniyam da ke ɗaga gama-re, a nan log mai rarrabe yuraniyam da toriyam da potasiyam ne zai fitar da kai. Gas kuma yana jan layukan ta ɗaya ɓangaren, har dolomait mai gas ya yi kama da laimiston mai ruwa, nan ne PE ke ceto, in dai taɓon haƙar ba mai barait ba ne don barait, ma'adinin da ake ƙara wa taɓon nauyi da shi, yana lalata karatun PE.

Bari ka ga abin da kuskuren gane dutse ke jawowa. A ce log ya karanta nauyi 2.60 kuma ruwan cikin ramukan nauyinsa 1.0. Lissafin shi ne nauyin ƙwaya a cire abin da log ya karanta, a raba da nauyin ƙwaya a cire na ruwa. Idan ka ɗauka laimiston ne, 0.11 a raba da 1.71, ramuka kashi 6 da ɗan kai, za ka ce wurin ba shi da amfani. Idan dolomait ne, 0.27 a raba da 1.87, kashi 14 da ɗan kai. Dutse ɗaya, karatu ɗaya, amma mai ya ninka fiye da biyu. Sannan ka kula da anhaidirait mai nauyin 2.98, kaɗan daga cikinsa a jikin dolomait zai ja lissafin ƙasa.

Toh daga ina ramukan suke zuwa? Bayanin da aka fi sani shi ne idan magniziyam ya maye gurbin kalsiyam ɗaya bayan ɗaya, girman dutsen yana raguwa da kusan kashi 13 cikin 100 saboda dolomait ya fi matsewa. Lissafin daidai ne a takarda, amma ruwan da ke kawo magniziyam yana kawo kabonet ma, sai ya ci gaba da gini ya cinye kashi 13 ɗin har ya wuce. A ganina abin da ya fi muhimmanci abu uku ne. Na farko, laimiston mai laushin laka ƙofofinsa, wato hanyoyin da ke haɗa rami da rami, 'yan mitsi-mitsi ne, idan ya koma ƙwayoyin dolomait manya sai ƙofofin da ke tsakani su buɗe ko da yawan ramukan bai ƙaru ba, kuma faɗin ƙofa shi ke sa mai ya gudana. Jerry Lucia ya raba su gida uku, ƙasa da maikiron 20, daga 20 zuwa 100, da sama da 100, a yawan ramuka iri ɗaya na ukun ya fi na farko ba da mai nesa ba kusa ba, don haka ka auna girman ƙwayar ka rubuta, kar ka tsaya a cewa dolomait ne kawai. Na biyu, dolomait ya fi jure nauyi da narkewar da matsin duwatsun sama ke jawowa, Schmoker da Halley a 1982 sun nuna a kudancin Fulorida cewa a sama-sama laimiston ya fi ramuka amma da aka yi zurfi dolomait ne ya riƙe nasa, shi ya sa idan ana neman gas a zurfin kilomita 5 ko fiye, irin filin Puguang na Sichuan a ƙasar Sin, dolomait ake bi. Na uku ya fi laimiston saurin tsagewa, tsagewar kuma ita ke haɗa ramukan da suke a ware. Ka kula da wannan na ƙarshen, ramin da ya samu saboda burbushin wata halitta ya narke zai iya zama babba a ido, log ya ƙirga shi, amma idan bai haɗu da na kusa da shi ba ba zai ba ka komai ba.

Yawan sauƙin ratsawa ma yana da nasa ciwon kan. A Gawar ta Saudiyya, filin da aka gano a 1948, dutsen Arab-D yawancinsa laimiston ne amma akwai siraran wurare, da dama cikinsu dolomait, da ke ba da sama da ganga 500 a rana daga kowace ƙafa ɗaya ta kauri. Da farko abin murna ne, amma idan aka fara tura ruwa don koro mai, ruwan ta nan yake bi da gudu ya iso rijiya ya bar mai a baya. Idan ka ga irin wannan a sandar dutsen da aka ciro ka yi masa alama tun kafin a yanke shawarar inda za a huda bututu.

Anhaidirait ɗin da ke tafiya da dolomait kuma fuska biyu gare shi, a cikin ramuka toshewa yake, amma idan ya kwanta shimfiɗe a sama shi ne murfin da ke hana mai guduwa, kamar yadda yake a kan Arab-D. Sai dai a zurfi, idan zafi ya haura wajen digiri 120 zuwa 140, salfet ɗinsa yana haɗuwa da gas ya haifar da haidirojin salfaid, iskar da ke kisa cikin ɗan lokaci kuma tana cin ƙarfen bututu. Gas ɗin Puguang yana da ita da yawa, haka wasu sassan dutsen Khuff a yankin Gulf. Duk lokacin da za a shiga dolomait mai zurfi mai anhaidirait a tanadi na'urar jin iskar da bututun da ke jure mata tun kafin haƙa ta kai wurin. Idan kuma aka zo zuba asid don buɗe rijiyar, yawanci haidirokolorik mai kashi 15 ko 28, ka tuna gwajin nan na farko, dolomait a sanyi jinkirin amsawa yake, sai zafin rijiyar ya yi yawa yake kamo laimiston, don haka ba a kwafo tsarin asid ɗin rijiyar laimiston a zuba masa, a gwada a kan sandar dutsen wurin a zafin rijiyar tukunna, kuma idan dolomait ɗin mai ƙarfe ne a sa maganin riƙe ƙarfe a cikin asid ɗin don kar ya zuba ya sake toshe ƙofofin da aka buɗe.